Wushiryar da Ta Yi Ta Faɗi, da Yadda Aka Rufe Ta

A gidanmu wushirya gado ce. Inna tana da ita, Goggo tana da ita, ni ma da na gama famfara sai haƙorana na gaba suka fito da 'yar siririyar ƙofa a tsakaninsu, wadda tsinken tsintsiya ne kawai ke iya ratsawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san matsayinta. Ana lissafa ta tare da fararen idanu da dogon wuya idan ana yabon budurwa, har akwai matan da ke biyan kuɗi a fiƙe musu haƙora don su same ta. Na yi shekara talatin da wani abu ina jin daɗin tawa. Saboda haka ban je wurin likita don ina ƙin wushirya ba. Na je ne don tawa ta daina zama wadda na sani.

Tun ina da cikin ɗana na ƙarshe na fara ganin jini a kan aswaki da asuba, kuma duk matar da na gaya wa sai ta ce ai haka ciki yake yi, in an haihu zai wuce. Aka haihu, aka yi suna, aka yaye, jini bai wuce ba. Wasu shekaru kafin nan kuma an cire mini turmi ɗaya na ƙasa a ɓangaren hagu saboda kogo ya cinye shi, wurin ya zauna haka nan tunda ba a ganinsa ko na yi dariya. Daga baya na lura zaren nama da ganyen zogale suna maƙalewa a wuraren da a da ba sa maƙalewa. Ina koyarwa a wata firamare a wajen Mabera, aikina duk magana ce, sai na riƙa jin wasu haruffa suna fita da ɗan fito, yawu kuma yana tsartuwa idan na ɗaga murya. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne karatun Alƙur'ani, don sinun da sadun sun daina zama daram a bakina. Haƙorin gaba na dama ya turo waje kaɗan, ya kuma fi ɗan'uwansa tsawo. A daidai wannan lokacin ne mutane ke ce mini, "Malama, wushiryar nan taki sai ƙara fitowa take yi, tubarkalla." Da na ɗauko wani tsohon hotona na kwatanta da abin da madubi ke nuna mini, sai na ga inda tsinke ke wucewa da ƙyar yanzu ƙwayar dawa za ta shige ba tare da ta taɓa gefe ba.

A Sakkwato wanda haƙori ya dama yana da wuraren zuwa: akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai Asibitin Ƙwararru, akwai kuma masu zaman kansu. Sai dai likitan da ya ƙware a kan daidaita jeren haƙora ba kowane asibiti ke da shi ba, sai an tambaya. Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da wanda ya yi mini. Na tafi da niyyar a cike mini wurin da farin cikon nan da na ji an ce ana gamawa a zama ɗaya, in koma gida kafin la'asar.

Likitan bai ma fara da kallon wushiryar ba. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo a bakinsa, yana zura shi tsakanin kowane haƙori da dasashi yana kiran lamba, ma'aikaciyar jinya tana rubutawa: 2, 3, 3, 5, 6. Ya ce dasashi lafiyayye zurfin aljihunsa milimita 1 zuwa 3 ne, abin da ya kai 4 ya wuce alama ce ta cewa naman ya fara sakin haƙori. Ya kama haƙorana na gaba da ƙotar kayan aikinsa ya girgiza, na ji suna motsi da kaina. Daga nan aka tura ni hoto, irin wanda inji ke zagaya kan mutum ya ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya, da wasu ƙanana na haƙoran gaba. A jikin hoton ya nuna mini inda ƙashi ya kamata ya tsaya, dab da wuyan haƙori, da inda nawa ya janye ya koma, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon saiwar.

"Malama," ya ce, "wushiryarki ta asali ba ciwo ba ce. Ƙarin da ta yi shi ne ciwon."

Bayanin da ya yi mini ranar shi ne abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, domin ban taɓa jin sa daga bakin kowa ba. Akwai wata laushin dauɗa da ke taruwa a gindin haƙori kullum, cike da ƙwayoyin cuta. Idan ba a goge ta da kyau ba sai ta daskare ta zama dutse, wanda buroshi ko aswaki ba sa iya ɓamɓarewa. Dasashi sai ya kumbura ya riƙa jini, a ƙarƙashinsa kuma ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa zaizayewa, kuma duk wannan ba ya ciwo sai ya yi nisa. Ciki yana ƙara wa dasashi saurin kumburi, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne ke kawo dutsen ba, kuma haihuwa ba ta tafiya da shi. Sannan ga turmin da aka cire. Haƙora suna jingine ne da juna, idan ɗaya ya fita na kusa da shi sai su kwanto cikin giɓin, na sama ya zubo ƙasa, nauyin tauna ya koma gaba wurin haƙoran da ba a yi su don ɗaukarsa ba. Harshe kuma yana tura su waje duk lokacin da aka haɗiye yawu. Ya ce in ɗauki haƙori kamar dirkar rumfa: idan ruwa ya kwashe ƙasar gindinta, iskar da a da ba ta komai da ita yanzu za ta karkatar da ita. Ya ƙara da cewa da ya cike mini wurin yadda na nema, da na fita da murmushi mai kyau, ciwon kuma ya ci gaba da aikinsa a ɓoye har haƙoran su zube da cikon a jikinsu.

Ya tura ni gwajin sukari, domin ciwon sukari da ciwon dasashi kowanne yana rura wutar ɗan'uwansa. Nawa ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Daga baya na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum fiye da biliyan 1 ne ke fama da matsanancin ciwon dasashi a duniya. Mu mutanen Sakkwato ma mun fi kowa cancantar mu ɗauki jinin dasashi da muhimmanci, tunda a garinmu Asibitin Noma yake tun 1999, inda ake gyara fuskokin yaran da cutar noma ta ci. Ita wannan cuta daban ce da tawa, ta fi kama ƙananan yara masu tamowa, amma ita ma daga kumburin dasashi take somawa, kuma ita ma a matakin farko ake raina ta.

Matakin farko ke nan ya zama wanki, ba rufe wushirya ba. Ba irin wankin sama-sama da ake yi don haƙora su yi fari ba, wannan har ƙarƙashin dasashi ake shiga a kankare jikin saiwar, ɓangare-ɓangare, bayan an yi allurar kashe zafi. Akwai inji mai ƙara yana fesa ruwa, akwai kuma ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa da ake kankara da hannu. Abin da ya fito daga bakina baƙi-baƙi ne da ruwan ƙasa, ni da nake ganin ina cikin masu tsabtar baki. Bayan haka haƙorana suka riƙa tsami. A garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, in ka hana mutum ruwan sanyi ka taɓa shi, ni kuwa ko ruwan randa na kurɓa sai na ji har tsakar kaina. Likita ya ba ni man goge baki na masu tsamin haƙori, da ruwan kurkure baki na ɗan lokaci, ya ce kada in zarce da shi don yana rina haƙora. Ya kuma ba ni wani ɗan mitsitsin buroshi mai kama da na wanke kwalba, wanda ake zurawa tsakanin haƙora maimakon tsinken sakace.

Ya riga ya gargaɗe ni cewa idan kumburi ya sace, wurin zai ƙara bayyana, kuma haka aka yi. Dasashin ya koma ruwan hoda, ya kama jikinsa, jini ya tsaya, amma ƙofar ta fi da girma a ido. Wannan lokacin ne ya fi mini wuya a zuciya, don na kashe kuɗi na sha wuya kuma abin da na je a gyara yana nan. Bayan kamar wata biyu ya sake awo, lambobin sun sauko. Duk da haka bai taɓa maganar sa mini wayar daidaita haƙora ba sai da aka ƙara wasu watanni yana dubawa, don ya ce matsa haƙori a cikin dasashi mai ciwo hanzarta faɗuwarsa ne.

Da ya gamsu, sai ya zaunar da ni da maigidana ya jera mana hanyoyi. Farin ciko, wanda ake manna wa gefen haƙoran biyu a faɗaɗa su har su haɗu, shi ne mafi sauƙin kuɗi da sauri, ba a kuma fiƙe haƙori, amma ya dace ne da ƙaramar wushirya a lafiyayyen baki. A tawa da sai haƙoran sun zama faka-faka, kuma ba zai mayar da wanda ya turo waje ba. Yana kuma dafewa da shayi da goro, bayan wasu shekaru a sake shi. Akwai ɓawon tangaran da ake manna wa fuskar haƙori, ya fi kyau ya fi daɗewa, sai dai ana kankare saman haƙorin kaɗan kafin a manna, kuma farin saman haƙori idan ya tafi ba ya tsirowa. Akwai robobi garai-garai da ake sawa a cire, ana canza su bi da bi, dole a sa su awa 20 zuwa 22 a rana, ana kuma yo su ne daga nesa da tsada mai yawa. Sai kuma waya, wato ƙananan ƙarafa da ake manna wa kowane haƙori a ratsa siririyar waya ta cikinsu. Ita ya zaɓa mini, domin da ita ce zai iya mayar da haƙorin ciki, ya ɗan tura shi sama, ya kuma auna ƙarfin da yake sawa daidai da ragowar ƙashina.

Na tambaye shi abin da ke raina: ba za a iya mayar da ita yadda take a da ba, a bar mini 'yar siririyata? Ya yi shiru kaɗan, ya ce ana iyawa a bakin da ƙashinsa yake cikakke. A nawa kuwa haƙoran gaba suna bukatar su jingina da juna, kuma dole a ɗaure su da waya ta baya har abada, idan aka bar ƙofa wayar za ta riƙa leƙowa, abinci kuma ya riƙa taruwa a daidai wurin da ya fi rauni. Ya ce zaɓi nawa ne, amma shi da 'yar'uwarsa ce da rufewa zai ce a yi. Na koma gida da wannan magana, na kwana da ita ba dare ɗaya ba.

Inna ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. "Ke ɗiyag ga, mi kika biɗa? Abin da wasu ka biya kuɗi a yi musu, Allah Ya ba ki kyauta, shi za ki tai ki toshe?" Na buɗe baki na girgiza mata haƙorin da yatsa ta gani. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a tambayi malamai tukuna. Maigidana ya kai maganar wurin malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa. Malam ya kawo hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya ambaci la'anar Allah a kan mata masu fiƙe haƙora su buɗe tsakaninsu don ado, masu canza halittar Allah. Ya ce illar tana ga yin abin don ado kawai. Sannan ya kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurce shi ya sa na zinariya. Ya ce abin da aka yi don magani da kawar da cuta babu laifi a cikinsa, kuma wanda haƙoransa ke girgiɗi magani yake nema. Da wannan Inna ta sa albarka.

Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai albashin koyarwa. Kayan aikin daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, inshorar lafiyar da nake ciki kuma ba ta ɗauki irin wannan aiki ba. Likitan ya yarda a biya wani kaso a farko, sauran a riƙa biya duk zuwa. Kwasar adashina ta shekarar can ta tafi.

An fara da ɗaukar siffar bakina, aka cika wani faranti da abu mai kama da ƙullu aka danna a haƙora har ya daskare. Ranar sa waya babu allura, babu zafi, sai dai gajiyar buɗe baki. Ana goge kowane haƙori, a shafa wani ruwa mai tsami, a busar, a ɗiga gam, a ɗora ƙarfen, a haska shuɗiyar fitila ya kama. Na fita ina jin leɓɓana sun yi tudu. Washegari ne abin ya zo. Kowane haƙori ya zama kamar ba nawa ba, ko burodi ban iya gatsa ba, na kwana biyu zuwa uku a kan kunu da fura da nono, da farasitamol idan ya matsa. Ƙarafan suka goge mini cikin leɓe har ya yi gyambo, sai da na koyi murza ɗan kakin da aka ba ni in liƙa a kan wanda ke sukata. Bayan mako biyu naman bakin ya saba.

Na so in san abin da ke faruwa a ciki, likitan kuma ba ya gajiya da tambaya. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kai tsaye ba, akwai siraran zaruruwa da ke rataye da shi a cikin raminsa. Idan waya ta matsa shi a hankali kuma ba ta saki ba, jiki sai ya narkar da ƙashin da ke gabansa ya gina sabo a bayansa, haƙori ya yi tafiya tare da raminsa. A lafiyayyen baki tafiyar ba ta cika wuce milimita 1 a wata ba. A nawa ya rage ƙarfin ƙasa da haka, don saiwar da ƙashinta ya ragu ba ta jure ja. Duk mako huɗu zuwa shida nake hawa kabu-kabu in je a duba, a canza waya daga mai laushi zuwa mai ƙarfi, daga baya aka sa wata sarƙar roba da ke jawo haƙoran gaba zuwa ga juna. Duk wata uku kuma a sake wanke ƙarƙashin dasashi. Akwai watan da na ga kamar ba abin da ya motsa, na yi ƙorafi, ya nuna mini siffar bakina ta ranar farko, na ga nisan da aka yi.

A nan dole in tsaya a kan wata shawara da aka ba ni har sau ba adadi, daga mutane masu nufin alheri: wai me ya sa zan kashe wannan kuɗi, ai robar kitso ake ɗaura wa haƙoran biyu da dare su haɗe. Wasu sun gani ne a TikTok. Na gaya wa likita, fuskarsa ta canza. Haƙori yana tsukewa ne ta wajen saiwa, don haka robar tana zamewa sama ta shige ƙarƙashin dasashi inda ba a ganinta, ta riƙa yanke zaruruwan da ke riƙe da haƙorin tana hawa. Mutum yana murna wushirya ta rufe, bayan wasu watanni haƙoran biyu su yi girgiɗi su fita. Haka nan wayoyin ado da ake sayarwa a intanet, waɗanda wanda ba likita ba ke manna wa 'yan mata. Ko ba a yi niyya ba waya tana motsa haƙori, kuma wanda bai ga hoton saiwarka ba bai san inda yake tura shi ba. Ina roƙon iyaye mata, don Allah, idan kun ga roba a haƙorin yarinya ku cire ta a take, idan kuma ta ɓace ba a ga inda ta faɗi ba a tafi asibiti.

Abinci kuwa sai da na sake lissafi. Rake, aya, goriba, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, goro, kilishi, alewa mai danƙo, cingam, duk na ajiye su, don ko dai su ɓalle ƙarfe ko su lanƙwasa waya. Tuwo da miyar kuka, fate, alale, ƙwai, dafaffen kifi, su suka riƙe ni. Tsire sai an yayyanka ƙanana in tura can baya. Da babbar salla ana ta soye-soye, Goggo ta ware mini nawa ta yi mini dambun nama, Allah Ya saka mata da alheri. Azumi ya faɗo cikin zafi, baki yana bushewa, ƙarafan suna ƙara gogar leɓe idan babu yawu, sai na roƙi a riƙa matsa wayar da yamma dab da shan ruwa, ko a jinkirta wankin da ke fid da jini. Wayar ba ta hana alwala ba ta hana azumi. Kurkurar baki sau biyar a rana ma taimako ta yi mini. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gogewa, domin kowane ƙarfe maɓoyar abinci ce, kuma wanda ya yi sakaci zai cire waya ya tarar da fararen tabo a haƙoransa. Ban bar aswaki ba, amma shi kaɗai ba ya zagaya ƙarafan, sai an haɗa da buroshi mai laushi da man da ke da fuloraid da ɗan mitsitsin buroshin nan.

A cikin wannan zirga-zirga na tafi da ɗiyata mai shekara tara, don ita ma haƙoranta na gaba a buɗe suke, kuma tsoro ya shige ni. Likita ya duba ya ce a ƙyale ta. A wannan shekarun buɗewar al'ada ce, yawanci tana rufewa da kanta idan fiƙoƙin sama suka fito wajen shekara 11 zuwa 12 suka matso da na gaba. Wadda ta rage bayan nan, idan dasashi lafiya yake kuma ba ta ƙaruwa, ado ce, ba ta bukatar kowa ya taɓa ta. Ya ce abin da za a sa wa ido ga yara shi ne tsotsar yatsa da ta wuce lokacinta.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni haƙoran suka haɗu. Sai wasu ƙananan ayyuka biyu suka biyo. Akwai wani zaren nama da ya haɗa leɓen sama da dasashi, nawa ya sauko har tsakanin haƙoran biyu, idan aka ɗaga leɓen sai naman wurin ya yi fari. Likita ya ce mai yiwuwa shi ne tushen wushiryar tun asali, kuma idan aka bar shi zai taimaka wajen sake buɗe ta. Aka yi allura aka yanke shi, aka yi 'yan ɗinki, bayan mako guda aka cire zare. Na biyu kuma, da haƙoran suka haɗu ta ƙasa sai wani ɗan baƙin gurbi mai kusurwa uku ya rage a sama kusa da dasashi, saboda naman da ke cike wurin ya tafi tare da ƙashi. A nan ne farin cikon da na zo nema tun farko ya samu aikinsa, aka ɗan shafa a gefen haƙoran aka rage gurbin. Bai ɓace gaba ɗaya ba, kuma likitan ya faɗa mini haka tun kafin ya fara.

Ranar cire waya na ɗauka an gama, ashe rabin aikin yana gaba. Zaruruwan dasashi suna daɗewa ba su saba da sabon wuri ba, suna ja da baya, kuma wushirya tana cikin abubuwan da suka fi saurin komawa. Don haka kafin in tashi daga kujera aka manna mini siririyar waya a bayan haƙoran gaba na sama, ba a ganinta, harshe ne kawai ya san da ita, kuma za ta zauna muddin ina so haƙoran su zauna. Aka kuma yi mini ritena, wato mariƙin da ake sawa da dare a cire da safe. Ba a wanke shi da ruwan zafi, ba a barinsa a rana ko cikin mota, don zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya lanƙwasa shi. Idan na yi tafiya na manta da shi dare biyu, ranar da na mayar sai in ji ya matse, alamar haƙoran sun fara neman hanyarsu ke nan.

Ba zan ce ban yi kewar wushiryata ba. Na yi makonni ina ganin baƙuwar fuska a madubi, kuma har yau akwai 'yan'uwan da ke cewa na fi kyau a da. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Amma haƙoran sun daina girgiɗi, aswakina yana fitowa fari, ina karatu haruffa suna fita daga mafitarsu, ina kuma iya gatsar gwaiba. Inna, wadda haƙoranta suka zube ɗaya bayan ɗaya muna cewa tsufa ne, ta yarda an kai ta an wanke mata ragowar, likita ya ce irin ciwona ne ya daɗe yana cin ta. Ƙannena mata biyu ma sun je an auna su, aka samu ɗaya da aljihu mai zurfi a turamenta, ita da ba ta taɓa jin ciwon haƙori ba.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne giɓin turmin nan na ƙasa, wanda idan aka bar shi zai ci gaba da tura nauyi gaba. A yanzu akwai haƙorin roba da aka haɗa da mariƙin ƙasa yana tsare wurin. Hanyoyi biyu ne a gabana: ko a yi gada, wato a fiƙe haƙoran da ke gefe da gefe a rataya sabon a jikinsu, ko a yi dashe, a kafa ƙarfen taitaniyam a cikin ƙashi a jira wata uku zuwa shida ya kama, sannan a ɗora haƙori. Na fi karkata ga dashen don ba na so a taɓa lafiyayyun haƙora, amma ya fi tsada, kuma sai an ga ko ƙashin wurin ya isa, tunda ƙashi yana shanyewa a inda aka daɗe babu haƙori. An ba ni ranar ɗaukar hoton bayan salla, na kuma sake shiga adashi.